Zuwa ga Taubashina a Mashegu: Na Kwana a Bakin Teku

Landan, Ingila
Ƙarshen watan Yuni

Ɗan Gwaggo, bawana na gado.

 Yaya damina, yaya noman farko? Allah ya sa ciyawa ba ta cinye gonarka ta bakin fadama ba kamar bara, da aka ce mini sai da yaro ya hau kaɗanya kafin a hango inda masararka take. Ka gaishe mini da Gwaggo gaisuwa ta musamman, kuma ka durƙusa har ƙasa in za ka isar, ban da irin gaisuwar nan taka ta kan babur, hannu ɗaya a sama kana wucewa. Ka gai da uwargida da yara, ka ce mata ina yi mata sannu da haƙuri da kai.

Saƙonka na murya ya iso. Minti huɗu ka yi kana magana, uku da rabi duk a kan kuɗin shara. Watan cika-ciki bai gama kamawa ba har ka fara miƙo hannu. To, ai ba a biyan bawa sai ya yi aikin. Ɗauki tsintsiya ka share ƙofar gidan Baba tun daga dakali har bakin masallaci, a ɗauko mini hotonka tsintsiya a hannu, sannan mu yi magana.

Abin da ya sa na zauna na rubuta takarda, labarin da zan ba ka ya fi ƙarfin datarka. Na je yawon daji da ƙafa, kwana biyu, har na kwana a tanti a bakin teku. Ina so ka karanta wa Gwaggo, domin akwai abin da ya shafe ta a ciki.

Mu huɗu muka tafi: ni, da wani Bakano da muke aiki tare a asibiti, da wani ɗan zangon Nima ta Akra, da wani dattijon Bature maƙwabcina wanda ya san hanyar kamar yadda ka san hanyar gidan mai tsire. Ɗan Gana nan Hausa ce a bakinsa tun haihuwa, sai dai Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce mana, "Matana ya ce in dawo da wuri," Bakano ya yi ta dariya har muka isa tasha. Mun shiga jirgin ƙasa a tashar Biktoriya, muka canja wani a Lewes, cikin kamar awa ɗaya da rabi sai ga mu a wani ƙaramin gari mai suna Seaford, a kudancin ƙasar. Daga nan tafiyar ƙafa ta fara, zuwa Eastbourne, kilomita ashirin da 'yan kai. Na san ka riga ka gaji da jin wannan lissafi, kai da ko sayen ashana za ka sai ka tayar da babur.

Ɗan Gwaggo, na ga ruwa. Ka tuna ranar da muka je Kainji muna yara, ka riƙe rigar Baba ka ƙi matsawa kusa da kwalekwalen Sarkawa? To a can ko ba komai ido yana samun tsallake ya huta. Nan babu tsallake. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, aka ce Faransa tana can bayansa, kuma jirgin ruwan da ke tashi daga Newhaven, nan kusa da Seaford, sai ya yi awa huɗu kafin ya kai Dieppe. Na tsaya na daɗe ina tasbihi. Na ɗebo da hannu na taɓa a harshe, gishiri zalla. Da Gwaggo tana kusa da ta daina aikenka kasuwa sayen gishiri kana dawo mata da rabin canji.

Kuma ruwan nan ba ya zama wuri ɗaya. Kusan duk awa shida sai ya janye can nesa ya bar duwatsu a fili, bayan wata shidan ya dawo ya rufe su, sau biyu a yini da dare. Wata ne ke jan sa, da ikon Allah, kuma ya fi cika da janyewa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Mu a kogin Kwara mun san cikar damina, mun san ta biyun da ke isowa da hunturu bayan ruwan ya yi doguwar tafiya daga Gini ta ratso Mali. Wannan kuwa kullum ne. Dattijon nan ba ya sauka bakin ruwa sai ya duba jadawalin cika da janyewa a wayarsa, kamar yadda muke duba lokutan salla, don wanda ya yi sakaci ruwa na iya tare shi a gindin dutse ba hanyar hawa.

Yanzu ga abin da ya shafi Gwaggo. Da muka haura tudun Seaford muka leƙa gaba, sai ga wasu duwatsu farare fat a jere a bakin teku, tsaye kamar an yanka su da wuƙa. Sunansu Seven Sisters, wato 'Yan'uwa Mata Bakwai. Zauna, kada ka fara neman hularka ta zance, duwatsu ne, ba su da waliyyi. Kuma in ka ƙirga da kyau takwas za ka samu, don zaizayar ruwa ta fitar da ta takwas daga baya, sunan ne bai canja ba. Dukkansu alli ne. Alli dai da ka sani, wanda malam ke rubutu da shi a allon makarantar boko, wanda ka sha ci a aji biyu. Na ɓantaro ɗan guntu da ya faɗo a hanya na murza a yatsa, nan take na tuno Gwaggo zaune a tabarma da mazari da tasa, tana dangwalar alli tana kaɗi, zare na fita siriri daga auduga. Ka gaya mata na ga allin da duk matan ƙasar Kontagora za su yi ta kaɗi da shi har jikokin jikoki bai ragu ba. Masana sun ce ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, suka yi ta mutuwa suna taruwa a ƙasan teku shekaru miliyoyi har suka zama dutse. A cikin allin kuma akwai layi-layi na baƙar ƙanƙara, irin wadda tsofaffi ke buga ƙyastu a kai. Bakin ruwan duk ita ce a zube, mulmulalliya, ba yashi. Na tsinto maka guda biyu. Da ashanarka ta ƙare sai ka ƙyasta, babur ya huta.

Tsakaninmu da duwatsun akwai wani ɗan kogi, Cuckmere, wanda bai kai wani abin a-zo-a-gani ba, amma sai da muka bi gefensa muka haura zuwa gadar Exceat sannan muka tsallake. A wata gona da ke kusa muka sauka. A ƙasar nan ba ka kafa tanti inda ka ga dama, sai da izinin mai fili, don haka manoma da yawa suna ware wani yanki, su sa famfo da bayan gida, mutum ya biya ya kwana. Ka ji wata sana'a. Kai da ke da fili har bakin rafi kana barin sa wa tumbin jaki da ƙaiƙayi.

Tantin nan kafin ka sha shayi kofi ɗaya an kafa shi: sanduna biyu masu lanƙwasa, ƙyalle marar nauyi, turaku takwas. Cikinsa mutum ya shimfiɗa 'yar katifar iska, ya shige wani buhun barci mai zif ya ja har wuya. Na auna buhun da ido, na ga kai sai an haɗa maka biyu saboda tumbi. Ba a hura wuta a ƙasa a wurin, sai ɗan risho na gas. Bakano ya dafa mana dafa-duka da busasshen kifi, ɗan Gana ya fito da baƙin yajinsu mai mai da suke kira shito, ni kuma na kawo garin kwaki da ƙuli-ƙulin da na saya a Peckham. Dattijo ya ci cokali uku, fuskarsa ta yi ja kamar gauta, hawaye na zuba, amma ya miƙo kwano a ƙara masa. Mutumin kirki ne ƙwarai. Da ya ga mun tashi salla shi ya janye kayansa ya ba mu wuri, ya kuma kira karen wasu maƙwabta ya riƙe har muka sallame.

Maganar salla, mun yi kasaru, tunda tafiyar ta kai. La'asar a bakin ruwa muka yi ta, da alwalar ruwan teku, don malamai sun tabbatar mai tsarki ne, sai dai sanyinsa ya fi na randar Gwaggo a tsakiyar hunturu. Alƙibla a nan kudu maso gabas take, ba gabas irin tamu ba. Abin da zai ba ka mamaki shi ne rana. A wannan wata ba ta faɗuwa sai ƙarfe tara ta gota, kuma kafin biyar na safe ta fito. Tsakanin lisha da asuba ɗan taƙi ne. Na ce Allah ya yi wa taubashina gata da bai kawo shi nan da azumin bazara ba, kai da tun azahar kake kwanciya a ƙarƙashin mangwaro kana tambayar yara ko ladan ya yi gyaran murya.

To, ɗan Gwaggo, bari in ajiye wasa kaɗan, don a daren nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya same ni.

Wajen ƙarfe biyu na farka. Na ji motsi a bayan tanti, ƙaf-ƙaf a cikin ciyawa. Kafin in san abin da nake yi na tashi zaune, na kasa kunne, ina lissafin ta ina za a bi. Na ɗaga ƙyallen a hankali, ashe zomaye ne, sun fi goma, suna kiwo a farin wata. Na fito na zauna a bakin tanti. Ga tantuna nan birjik, ba katanga, ba mai gadi, ba wanda ya kwana da ko sanda. Can gefe wata mata ce ita kaɗai da 'yarta ƙarama, takalmansu a waje a jere. Daga nesa kana jin teku yana numfashi. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Na tuna kwanan da muke yi a gona lokacin kaka, ni da kai a kan rumfar gadi, muna gasa doya muna korar birai, ba abin da muke tsoro sai kunama da faɗan Baba. Na tuna mutanen Mazakuka da aka afka wa suna sallar asuba a watan Oktoban 2021, Allah ya jiƙansu da rahama. Na gane abin da mutanen nan suke biyan kuɗi su saya a wannan fili, wato mutum ya kwanta a daji ya yi barci har da minshari. Mu mun taɓa samun sa kyauta, kuma ina roƙon Allah dare da rana ya dawo mana da shi.

Da gari ya waye muka naɗe kaya muka fuskanci 'yan matan naka. Hawa da gangara ne, hawa da gangara, kowace ka hau sai ka sauka kwari ka sake hawa wata. Babbar cikinsu ta kai mita 77. Ciyawa gajera kamar an yi mata aski, iska kuwa tana neman ƙwace hula. Ba shinge a bakin ramin, sai alluna da ke gargaɗin a ja baya, don allin yakan ɓalle ba sallama. Mun ga tsofaffi mata da maza, wasu sun haura saba'in, kowa da jakar goyo da sanduna biyu, suna tafe suna hira. Bafulatani sanda ɗaya ta ishe shi daga Mashegu har Borgu, su sai biyu, amma ka ga wata tsohuwa yadda take cin tudu, na rantse da ta bar ka a ta farko kana neman mai acaɓa.

Sai tumaki. Ɗan Gwaggo, tumaki ɗaruruwa a kan tudu, ba makiyayi, ba yaro, ba kare. Gajeru ne masu ulu, ƙafafu kamar turmi, kowace da lamba a kunne da ɗigon fenti a gadon baya. Ba su da tsayin balami ko kyan uda, yawancinsu ma ba ƙaho, in ka kai wa Gwaggo irinsu da layya sai ta tambaye ka ina ragon. Su ne ke aske ciyawar nan, kuma hukumar gandun South Downs da wurin yake ciki da kanta take son a yi kiwon, don in ba su ƙaya da sarƙaƙƙiya za su rufe wurin, furanni da malam-buɗe-littafi su ɓace. Da yake alli ba ya riƙe ruwa, makiyayan da suka wuce sun haƙa 'yan tafkuna a kan tudu suka daɓe su da yumɓu don dabbobi su sha. Har yau wasu na nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar kanta. Ta cikin gonakin mutane da makiyayarsu take ratsawa, ka buɗe 'yar ƙofa ka shiga, ka rufe ka wuce, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ta. In ma ya yi huɗa ya bi ta kanta, doka ta ba shi kwana 14 ya mayar da ita yadda take. Na ce wa Bakano, ai wannan burtali ne. Shi ne dai burtalin da muka taso muka gani, wanda shanu ke bi su sauka mashaya ba su taɓa kan dawar kowa ba, wanda aka yi ta ci da garma taƙi-taƙi har ya zama babu, rigima ta biyo baya. Dattijo ya ce su ma ba a sama suka tsinta ba. A 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da kewaye suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout da masu ƙasa suka hana talaka shiga, aka kama wasu, aka ɗaure biyar. Sai a 1949 aka yi dokar da ta kafa gandayen ƙasa. Wannan da muke ciki, South Downs, shi ne ƙaramin ƙaninsu a Ingila, a 2010 aka ayyana shi. Kai da kake zama a fadar mai unguwa kana cika baki, ga maganar da za ka kai: a bi sauran burtalin da ya rage a yi masa alama tun bai ƙare ba. Da gaske nake.

Mun huta a Birling Gap, inda ake sauka bakin ruwa ta matakalar ƙarfe. Akwai wasu gidaje a jere da aka gina wa masu gadin gaɓa a 1878, guda takwas, yanzu saura huɗu, teku ya ci ƙasar sauran an rushe su ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekara ruwa na cin fiye da kamu guda na dutsen. Gaba kaɗan akwai wata tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, Belle Tout. Da rami ya matso ta, a 1999 sai suka ɗaga ta ɗungurungum, suka ɗora a kan dogo suka ja ta baya mita 17. Gini guda na dutse, ɗan Gwaggo. Kai kuwa katangar bayan gidanka shekara uku ke nan tana jingine da icce tana jiran ka.

A nan ne aka yi wa Bakano fashi da rana tsaka. Ya sayi soyayyen kifi da dankali, ya ɗaga zai kai baki, sai wani farin tsuntsun teku mai girman zakara ya sauko ta bayansa ya fauce kifin ya yi sama. Shirwar kasuwar Makera ba ta kai shi iya sata ba. Bakano ya duƙa neman dutse, dattijo ya riƙe masa hannu ya ce doka ta kare su, wanda ya taɓa su sai kotu. Zomayen ma ba mai kula su. Na tuna ka da tsohuwar bindigarka ta toka, da labarin gwankin da ka ce ka harba a dajin Ibbi, wanda har yau ba wanda ya ga ko kofatonsa. A nan da ka cika buhu, sai dai a kurkuku za ka ci.

Ƙarshen hawa shi ne Beachy Head, mita 162, dutsen alli mafi tsawo a gaɓar Birtaniya. Daga sama kana hango wata hasumiyar mai ja da fari can ƙasa a cikin ruwa, ƙarama kamar kwalbar turare. Daga nan muka gangara Eastbourne da la'asar, muka hau jirgi.

A hanyar dawowa na ba su labarin namu gandun. Na ce musu a ƙaramar hukumarmu dajin Zugurma yake, wanda aka haɗa da na Borgu a ƙarshen shekarun 1970 aka yi gandun Tafkin Kainji, na farko a duk Najeriya, mai faɗin murabba'in kilomita sama da 5,300, wato ya ninka wannan da muka taka sau uku har da ɗori. Na ce musu a nan babbar dabbar dajin da muka gani zomo ne, mu kuwa muna da gwanki da kanki da gada da mugun dawa da gwaggon biri, ga dorina a kogin Oli inda a da baƙi kan sauka su kwana, ga maje da kawo da ɗorawa da inuwarsu ta ishi gari. Dattijo ya zaro ido ya ce yaushe zan kai shi. Na ce masa sai daji ya lafa, don yanzu ko ma'aikatan gandun da ransu a hannu suke shiga. Ya ce zai jira. Na yi masa alkawari, kuma na sa da kai a ciki: ran da Allah ya kawo zaman lafiya, da ƙafa za mu taka daga Zugurma zuwa Ibbi, mu kwana a hanya, kai ne mai ɗaukar kaya tunda aikinka ne na gado. Ka fara motsa jiki tun yanzu. Ka riƙa zuwa masallacin Juma'a a ƙasa.

Wani ɗan Kontagora zai je gida ya dawo nan bayan wata guda, zan turo maka lambarsa. A ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin Gwaggo. Kada ka sa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi, kuma na san ma kafin ya kai Kaboji ka cinye rabi. Shi zai kawo wa Gwaggo rigar sanyi da guntun allinta, kai kuma ƙanƙararka biyu.

Kuɗin shara suna nan na ware, har da na bara. Ina jiran hoton tsintsiya.

Naka har kullum,
Ubangidanka, ɗan Kawunka.